Yadda ake shirya hawan dutse a ƙungiyance

Ku fara da dutsen da ke kusa, wanda za a hau a sauko kafin rana ta take: Dala ko Goron Dutse ga mutanen Kano, Kufena ga na Zariya. A nan ake gane mai dogon numfashi da wanda gwiwa ke damu. Duwatsun Shere da ke gabashin Jos, masu tsayin sama da mita 1,800, a bar su sai ƙafa ta saba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiya. A Maris da Afrilu dutse kan ɗau zafin da hannu ba ya iya dafa shi, da damina kuwa gansakuka kan sa shi santsi, ga haɗarin tsawa a saman fako. A tashi da an idar da sallar asuba, kuma tun a ƙasa a yanke ƙarfe nawa za a juyo, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba.

Mutum 8 zuwa 12 sun isa. Jagora a gaba, wani mai ƙwari a can baya, ba mai wuce na gaba, ba wanda na baya zai bari. Tafiyar mafi rauni ita ce tafiyar kowa. Ana ƙirga kai a kowane zango.

Wuraren da ba a cika sani ba, kamar zane-zanen dā na Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, ba a shigarsu kai tsaye. A fara gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo ku, a roƙi ɗan gari ya yi rakiya, a kuma sallame shi da abin kirki. Mafarauci ko makiyayi ya fi taswirar waya sanin inda zuma ta yi saƙa da inda ba a takawa. A halin tsaron da ake ciki, baƙi da jakunkuna a bayan gari abin zargi ne, kuma in mutanen gari suka ce kada a shiga, magana ta ƙare.

Kowa ya riƙe ruwa lita 3, wato ledar fiya wata shida, da dabino ko gyaɗa, hula, da kambas mai kaushin ƙasa. Silifas dai a bar shi a mota. Turare mai ƙarfi ma haka, don yana jawo ƙudan zuma. Wanda jiri ko ɗaurewar jijiya ya kama, a kai shi inuwa, a dama masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa.

Yawancin targaɗe wajen saukowa ake yinsa, lokacin da ƙafa ta gaji kuma hankali ya koma gida. A rage tsawon taku, a sauko a karkace, a bar tazara saboda tsakuwar da na sama ke turowa. Kada a zura hannu a kogon da ido bai gani ba, nan kububuwa ke fakewa. In ta yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da aka riga aka tabbatar yana da maganin dafi tun kafin a baro gida.