Babi na Shida: Kada Ruwan Datti Ya Koma Cikin Bututun Ruwan Sha

Darasi na 1: Famfo ma yana zuƙa

'Yan uwa, ku karanta wannan babi a hankali. Wanda karatunsa bai nuna ba tukuna ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layi, ya riƙa bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ba tsere muke yi ba, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Yawancin mutane sun ɗauka ruwan famfo hanya ɗaya ya sani, wato daga babban bututun titi zuwa cikin gida. Ba haka abin yake ba. Ƙarfin da ke cikin bututu shi ne ke turo ruwa har ya fito ta bakin famfo. Duk ranar da ƙarfin nan ya faɗi, ruwa sai ya juya baya. Ƙarfin yakan faɗi idan an ɗauke ruwa, ko babban bututu ya fashe, ko 'yan kwana-kwana suna jan ruwa mai yawa don kashe gobara. A irin wannan lokaci famfon da ya saba bayarwa sai ya koma zuƙa.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo ya riga ya fahimci darasin nan. Zuƙa ɗaya ake yi, sauran kuma ya biyo da kansa. To, haka bututun gida ke yi. Idan famfo a buɗe yake, kuma bakin tiyo yana nutse cikin bokitin wanki, ruwan sabulun nan ne zai bi tiyo ya shige bututu. Idan a cikin kwata tiyon ke kwance, ruwan kwata ne zai shiga. Idan kuma cikin jarkar maganin feshi yake, to guba ce ta shiga. Da ruwa ya dawo, sai ya turo wannan ƙazanta zuwa famfon da kuke sha, har da na maƙwabta, domin bututun titi ɗaya ne ya haɗa ku duka.

Ba tatsuniya nake ba ku ba. A shekarar 1933, a birnin Shikago na Amurka, ruwan datti ya sami hanyar shiga bututun ruwan sha a wasu manyan otal guda biyu, saboda yadda aka harhaɗa bututun. Mutane fiye da dubu suka kamu da atini, kusan ɗari suka rasu. Kwalara, taifot da gudawa duk ta gurɓataccen ruwa suke yaɗuwa, kuma yara ƙanana su suka fi jin jiki.

Darasi na 2: Ratar iska

Wannan darasi shi ne ƙashin bayan babin. Ko kun manta da sauran, kada ku manta da shi.

Ruwa ba ya iya tsallake iska ya hau sama. Idan akwai fili tsakanin bakin famfo da abin da ake tara ruwa a ciki, ko famfo ya zuƙa, iska kawai zai samu. Wannan filin shi muke kira ratar iska. Ba ta da ƙarfen da zai yi tsatsa, ba ta da robar da za ta cinye, shi ya sa masu aikin famfo suka fi amincewa da ita a kan duk wata na'ura.

Ƙa'idar ita ce: ratar ta kai faɗin bakin bututu sau biyu, kuma kada ta gaza inci 1, wato santimita 2 da rabi. Bututu mai rabin inci yana buƙatar ratar inci 1. Mai kwata uku na inci yana buƙatar inci 1 da rabi, kusan santimita 4. Mai inci 1 yana buƙatar inci 2, wato santimita 5. In ta fi haka, madalla. In ta gaza, ba ta yi ba.

Yanzu ku ɗauko tef ɗin awo. Yawancin tef yana da lambobi iri biyu. Gefen da lambobinsa suka yi nesa da juna shi ne inci, wanda suka matsu kuwa santimita ne. Ku zaɓi gefe ɗaya ku tsaya a kansa. Awo daga sifiri yake farawa, wato daga ƙarshen tef inda ɗan ƙarfen nan yake, ba daga lamba 1 ba.

Ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Daga ina ake fara awo? Daga bakin mazubi ake farawa, ba daga saman ruwa ba. Bakin mazubi shi ne leɓensa na can sama, inda ruwa zai zube ƙasa idan ya cika ya tumbatsa. Bokiti ne, ko baho, ko duro, ko kwamin wanke-wanke, ko kwamin shan ruwan dabbobi, duk hukuncinsu ɗaya.

Na sha ganin ɗalibi ya zura tef cikin duro, ya auna daga saman ruwa zuwa bakin tiyo, ya ɗago yana murmushi ya ce, "Malam, ai rata ta fi taƙi biyu." Babu laifi, hankali ne ya ba shi haka. Amma ku tambayi kanku: ruwan da ke rabin duro yanzu, a rabi zai tsaya? Famfo a buɗe yake, ruwa hawa yake yi. Jim kaɗan zai haɗiye bakin tiyon, ratar da aka auna ta ɓace. Abin da ba ya hawa, ba ya sauka, shi ne bakin duron. Shi ya sa daga nan ake awo.

Mu yi tare. A kifa sanda miƙaƙƙiya a kan bakin mazubi, ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. A ɗora farkon tef a kan sandar. A ja tef sama zuwa bakin famfo, daidai inda ruwa ke fitowa. A karanta lamba. Idan bakin famfo ko na tiyo yana ƙasa da sandar, ba ma sai an wahala da awo ba, babu rata sam.

Ku sake. Sanda a kan baki, tef a kan sanda, a ja sama. Wanda ya kuskure a karo na farko kada ya ji kunya, manyan mutane masu sana'a ma sun yi wannan kuskure a gabana, suka gyara, yanzu su ke koya wa wasu. Ku sake kuma, ku faɗa da baki da ƙarfi: daga bakin mazubi, ba daga saman ruwa ba.

Sai maganar tiyo, wanda shi ne ya fi kowane abu jawo wannan matsala a gidaje. Famfo yana iya zama a sama, ratarsa lafiya lau, sai wani ya ɗaura masa tiyo ya jefa ɗaya bakin cikin bokiti. Daga wannan lokaci bakin famfo ya koma ƙarshen tiyon, ratar ta tashi a banza. Haka ma tiyon wanka mai kai kamar buroshi, idan aka bar shi nutse a cikin baho. Ku ɗaure tiyo a jikin ƙusa ko sanda yadda bakinsa zai tsaya sama da bakin mazubi, ko ku riƙe shi a hannu. Da kun gama, ku kashe famfo, ku cire tiyo, ku naɗe shi ku rataye.

Na san abin da za ku ce, ruwa yana fallatsa idan tiyo na sama, ga ƙara. Gaskiya ne. Amma fallatsin ruwa ba ya kai kowa asibiti. Kuma a nan dole in faɗa muku gaskiya ko da ba daɗi: akwai waɗanda muke yin darasin nan da su, su amsa tambaya daidai a aji, a je gwaji kuma ka tarar sun cusa tiyo har gindin duro. Haba jama'a! Me ya yi zafi? Karatun da ya tsaya a baki bai sauka hannu ba, ina amfaninsa? Ruwan nan 'ya'yanku ne za su sha, da 'ya'yan maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Masu haɗa maganin feshi, da ku nake musamman. Ku ɗebi ruwa a bokiti mai tsabta ku juye cikin tankin feshi. Kada tiyon famfo ya kusanci bakin jarkar magani.

A sake awo sau ɗaya kafin a wuce. Daga ina? Daga bakin mazubi.

Darasi na 3: Tanki, rijiya da inji

Ruwa yana kuma komawa baya ta hanyar turi. Idan injin rijiya ko na burtsatse ya fi ruwan titi ƙarfi, kuma an haɗa su a bututu ɗaya, injin zai tura ruwan rijiya cikin bututun jama'a. Tankin da ke can sama ma yana da nasa ƙarfin, yana iya juye ruwansa baya idan an ɗauke na titi.

Wasu kan ce ai akwai makulli a tsakani, a rufe yake. Makulli yakan yi yoyo, mutum kuma yakan manta. Bututun rijiya da na hukumar ruwa kada su haɗu ko kaɗan. In ana son amfani da duka biyun, kowanne ya zubo cikin tanki ta sama, da ratarsa.

A jikin tanki akwai bututun da ruwa ke shiga, akwai na ambaliya, wanda ke fitar da ruwa idan tanki ya cika. Na shiga ya kasance sama da na ambaliya, na ambaliya kuma ya fi shi faɗi. A tanki mai murfi, bututun ambaliya shi ne bakin mazubi, daga samansa ake awo. Ku ɗaga murfin ƙaramin tankin masai mai ruwa, za ku ga tsari irin wannan.

Kada a jona inji kai tsaye da bututun titi don a jawo ruwa. Zuƙar da yake yi tana jawo ruwan ƙasa ta duk inda bututu ya tsage. A tara a tankin ƙasa tukuna, inji ya ɗauka daga nan.

Darasi na 4: Bawul mai hanya ɗaya

Inda rata ba za ta yiwu ba, ana sa bawul mai barin ruwa ya wuce gaba, ya hana shi dawowa. A jikinsa akwai zanen kibiya. Tsinin kibiyar ya kalli inda ruwa zai je, wato cikin gida. In an juya shi, ruwa ba zai zo ba. Ƙwayar yashi ɗaya tana iya hana shi rufewa sosai, don haka ba ya maye gurbin ratar iska.

Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake murɗawa a bakin famfon waje kafin a sa tiyo. Idan famfo ya fara zuƙa, sai ta shigar da iska. Takan ɗan fesa ruwa in an kashe famfo, wannan aikinta ne, ba lalacewa ta yi ba.

Asibitoci da masana'antu suna amfani da babba mai bawul biyu da mafitar zubarwa a tsakiya. Ƙwararre ne ke sa shi, kuma a wurare da yawa doka ta ce a gwada shi duk shekara.

Darasi na 5: Idan ruwa ya canza

In ruwa ya zo da launi, ko wari, ko kumfa, a daina sha. A gaya wa maƙwabta, a sanar da hukumar ruwa, a kira mai gyaran famfo. Tafasa ruwa sosai na minti 1 yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire maganin feshi. Ruwa kuma yana iya zama garau alhali ya gurɓace.

Aikin gida

Ku zaga gida ku ƙirga famfo nawa ne. Ku auna ratar kowanne, ku rubuta lambar a littafinku, da inci ko da santimita. Inda kuka ga tiyo a cikin ruwa, ku cire shi, ku rubuta wurin. A zo da littafi da tef a zama na gaba.