Ɗalibin Jami'a Mai Son Zama Hafsan Soja: NDA Ko Jiran Digiri?

Ɗalibin da ke aji ɗaya ko aji biyu a jami'a, kuma zuciyarsa tana ga kakin soja, yana da hanyoyi uku na zama hafsa a Najeriya. Ko ya bar jami'ar ya tafi makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, ko ya haƙura ya gama digiri ya shiga ta kwas ɗin SSC, gajeren horon hafsa na masu digiri, ko kuma ya shiga da sana'arsa ta kwas ɗin DSSC. Kafin ka tambayi kowa shawara, ɗauko takardar haihuwarka ka ajiye a gabanka, domin shekarunka su ne za su yanke mafi yawan hukuncin.

Akwai ruɗani guda biyu da ya kamata a kawar tun da fari. Masu bincike a intanet sukan ci karo da tsarin Amurka da ake kira ROTC, inda ɗalibi ke zaune a jami'arsa, soja na biya masa kuɗin makaranta, yana yin horo a gefe, ya fito hafsa ranar da ya gama. A Najeriya ba haka ake yi ba. Inda karatun digiri kyauta da horon hafsa suka haɗu wuri guda shi ne NDA. Ruɗani na biyu shi ne na Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu a jihar Borno, wadda aka kafa a 2018, da kuma makarantar AFIT ta sojan sama a Kaduna. Dukkansu suna ɗaukar farar hula, kuma farar hula suke yayewa. Wanda ya gama can sai ya nemi SSC ko DSSC kamar ɗan kowace jami'a, don haka kada iyaye su biya kuɗin makaranta da zaton anini na jiran ɗansu a ƙarshen shekara huɗu.

Hanyar NDA

An kafa NDA a 1964, ta fara bayar da digiri a 1985, ta fara ɗaukar mata a babban kwas ɗinta a 2011. Mazauninta na dindindin yana Afaka, a bayan garin Kaduna. Mai shiga sojan ƙasa yana yin shekara biyar, huɗu na karatu haɗe da horo, ta biyar kuma horon soja zalla. Na ruwa da na sama suna yin shekara huɗu a makarantar, sannan su wuce makarantun rundunoninsu, na ruwa zuwa Onne a jihar Ribas. Karatu, abinci, masauki, kaki da magani duk gwamnati ce ke ɗauka, ga kuma alawus kowane wata. Ga ɗan talaka, da wuya a sami tallafin karatun da ya kai wannan cika a ƙasar nan.

Sharuɗɗan da aka saba gani su ne shekara 17 zuwa 21 a shekarar shiga, kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu ciki har da Turanci da Lissafi, rashin aure da rashin ɗa, da tsawon da bai gaza mita 1.68 ba ga namiji. Mata suna da nasu mizanin tsawo, kuma tallar kowace shekara ita ce abin dogaro a kan dukkan alƙaluman nan. Dole ka sake rubuta JAMB, ka sa NDA a zaɓin farko, ka kuma cike fom ɗin ita NDA ɗin daban. Mutane da yawa suna yin ɗaya su manta ɗayan, shekarar ta tafi ke nan. A shekarun baya-bayan nan mafi ƙarancin makin da ake nema ya kan kasance 180, injiniyanci kuma 210, amma cin wannan maki izinin shiga jarrabawar tantancewa kawai yake ba ka. Bayan ita akwai zaman kwamitin zaɓe na rundunonin soja a Kaduna, inda ake duba takardu, lafiya, ƙarfin jiki da kuma hira.

Guraben jiha-jiha ake rabawa. Ma'ana, da 'yan jiharka kake takara, kuma kason kowace jiha ƙarami ne matuƙa idan aka kwatanta da masu nema. Yaro na iya cika kowane sharaɗi ya rasa, ba tare da ya yi laifin komai ba.

A nan ne ɗan jami'a ke buƙatar natsuwa. NDA ba ta lissafa maka shekarun da ka yi a jami'a. Ko kana aji uku, daga aji ɗaya za ka fara. Ɗan shekara 18 ko 19 da ke aji ɗaya, shekara guda kawai zai yi asara, kuma abin da zai samu ya fi ta nesa ba kusa ba, don haka ya gwada. Ɗan shekara 21 da ke aji uku kuwa zai zubar da shekara uku ya ɗauki biyar, ya fito yana da 26, alhali da ya zauna zai gama digiri da bautar ƙasa yana da 23 ko 24, daidai lokacin da ƙofar SSC ke buɗewa. Ga irin wannan, zama ya fi tafiya, sai dai in kuɗin makaranta ya riga ya gagari gidansu.

Ko da ka yanke shawarar gwadawa, kada ka daina shiga aji, kada ka ƙi yin rajistar zango, har sai ka ga sunanka a jerin ƙarshe na waɗanda aka ɗauka. Jerin masu jiran ko-ta-kwana ba ɗauka ba ne. Ka kuma sani cewa shiga ba ita ce fita ba. Ana mayar da ɗalibi baya idan ya faɗi, ana kuma korarsa kan satar jarrabawa, fita ba izini, ko ciwon da ya hana shi horo. Wanda aka sallama a shekara ta uku yakan dawo gida babu digirin can, babu na nan.

SSC da DSSC ba abu ɗaya ba ne

Mutane suna haɗa su a baki, amma rayuwar da ke bayansu ta bambanta. SSC na sojan ƙasa ne, kuma hafsan fagen daga yake samarwa, wanda zai jagoranci dakaru. Ana neman digiri mai daraja ta biyu ƙarama ko sama da haka, ko babbar difloma mai matakin da ya yi daidai, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. Shekarun da aka saba nema 23 zuwa 27. Horon kimanin wata tara ne, a fito da muƙamin Sakan Laftanar, mai anini ɗaya, kamar ɗan NDA.

DSSC kuwa na masu sana'a ne: likitoci, ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magani, injiniyoyi, lauyoyi, malaman makaranta, akantoci, masana kwamfuta, limamai da sauransu. Dukkan rundunonin uku suna ɗauka. Horon ya fi gajarta, kimanin wata shida, kuma ana fitowa da muƙami ɗaya sama, wato Laftanar a sojan ƙasa ko kwatankwacinsa a ruwa da sama. Iyakar shekaru galibi wajen 30 ce, ana ɗaga ta ga ƙwararrun likitoci. Sai dai hafsan DSSC a sashen sana'arsa yake zama. Wanda burinsa shi ne wata rana ya riƙe bataliya ko birged, wannan ba ƙofarsa ba ce. Hakan kuma ba ya nufin zaman ofis har abada, domin likitan soja da injiniyan soja suna bin dakaru duk inda aka tura su, har Arewa maso Gabas.

Kalmomin "Short Service" da ke cikin sunan kwasa-kwasan biyu sun cancanci a tsaya a kansu: aikin gajeren zango ne, wanda jimillarsa shekara 15 ce. Komawa hafsa na dindindin sai an nema, an ci jarrabawa, an kuma sami gurbi. Ɗan NDA tun ranar yaye shi na dindindin ne, yana iya kaiwa shekara 35 a aiki idan ƙarin girma ya tafi daidai, kuma mafi yawan manyan kujerun kwamanda daga cikinsu ake cike su. Wannan shi ne ainihin abin da mai jiran digiri yake sadaukarwa. Abin da yake samu a madadinsa shi ne digirin da ya zaɓa da kansa, da sana'ar da zai koma gare ta idan soja ba ta ɗauke shi ba.

Yanzu ɗauki biro ka yi lissafi. Shekarunka na yau, ka ƙara sauran shekarun karatu, ka ƙara ɗaya ta bautar ƙasa, sannan ka ƙara aƙalla ɗaya ta abin da ba a zata ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, ga jiran sakamako, ga jiran kiran bautar ƙasa. Mai karatun injiniya yana da shekara biyar. Mai karatun lauya biyar, da ɗaya a makarantar lauyoyi. Mai karatun likita shida, da shekarar sanin makamar aiki a asibiti. Idan jimillar ta haura 27, cire SSC daga lissafinka ka fuskanci DSSC, ka kuma duba tallace-tallacen shekarun baya ka ga ko ana yawan neman fanninka. Ba kowace shekara ake neman kowane fanni ba, kuma fannonin lafiya da injiniyanci sun fi samun gurbi.

Kuɗin da zai kai ka ga digirin

Wanda ya zaɓi zama a jami'a shi zai nemi abin da zai riƙe shi. Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, tana ba ɗaliban makarantun gwamnati da suka wuce aji ɗaya tallafi, kuma takan nemi matsakaicin maki 4.0 cikin 5. Hukumomin tallafin karatu na jihohi sun fi sauƙin sharaɗi, amma kuɗin kaɗan ne kuma yakan yi jinkiri, don haka kada ka ɗora kuɗin rajista a kansa. Masu fannonin da suka shafi man fetur su duba PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, da kamfanonin mai, masu kimiyya da fasaha su duba Gidauniyar MTN. Kusan dukkansu sakamakon aji ɗaya da na biyu suke kallo. Wanda ya yi sakaci da karatu a shekarar farko saboda hankalinsa na kan NDA, ya rufe wa kansa waɗannan ƙofofin, ya kuma jefa darajar digirin da SSC da DSSC ke nema cikin haɗari.

NELFUND, hukumar ba ɗalibai rancen karatu da aka kafa da dokar 2024, bashi take bayarwa marar ruwa, ba kyauta ba. Tana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, tana kuma bayar da kuɗin kashewa na wata. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Hafsa ma'aikacin gwamnati ne mai albashi a bayyane, saboda haka ka ɗauka za a cire. Barin jami'a zuwa NDA kuma ba ya goge abin da ka riga ka karɓa.

Abubuwan da ke kayar da mutane

Takardu ne kan gaba. Sunan da ke takardar WAEC ya zo da Muhammad, na NIN ya zo da Mohammed, na JAMB ya ƙara sunan gari. Ranar haihuwa a takardar firamare daban, ta banki daban. Kwamitin tantancewa ba ya zaman sauraron bayani a kan wannan. Gyara yana cin watanni, don haka fara shi tun kana aji biyu. Rage shekaru da takardar rantsuwa ta kotu dabara ce da ke tonuwa cikin sauƙi yanzu da NIN da BVN suke riƙe da ranar haihuwarka ta farko. Ka nemi takardar asalin ƙaramar hukumarka ta gaskiya. A SSC da DSSC ana kuma neman mutanen da za su tsaya maka, irin su shugaban ƙaramar hukuma ko babban hafsa ɗan jiharku, kuma ba a ranar ƙarshe ake fara neman su ba.

Sai lafiya. Je babban asibiti da kanka, shekara guda kafin ka nema, a duba maka gani da iya bambance launuka, hawan jini, ciwon hanta, nau'in jini, ƙaba, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, gwame da ƙafar baka. Wasu ana maganinsu idan an gano da wuri, kamar ƙaba. Wasu kuwa, kamar rashin bambance ja da kore, ba su da gyara, kuma gara ka sani kafin ka bar jami'a saboda su. Zanen tatu a jiki yana hana ɗauka. Ana gwajin ƙwayoyi, kuma fitsari ba ya ɓoye tiramol ko wiwi.

Ƙarfin jiki ba ya samuwa a mako biyu. Fara gudu wata shida kafin lokaci, sau uku ko huɗu a mako, daga kilomita ɗaya har ka iya yin uku zuwa huɗu ba tsayawa, tare da atisayen hannu da na ciki. Ƙara nisa a hankali. Masu tashi rana ɗaya su yi dogon gudu a kan kwalta da takalmi marar kauri su ne ke zuwa wurin tantancewa da ciwon ƙwauri.

Cike fom ɗin SSC da DSSC kyauta ne a shafukan rundunonin. Na NDA yana da kuɗi, ana biya ta hanyar da makarantar ta bayyana a shafinta, ba cikin asusun wani mutum ba. Duk wanda ya kira ka ko ya turo saƙo a Facebook ko WhatsApp cewa yana da gurbi a hannu, ko zai mayar da sunanka daga jerin jira zuwa na ɗauka, kuɗinka yake so. Kada ka ba kowa ainihin takardunka. Ka yi kwafi uku na kowace, ka kuma adana hotunansu a imel ɗinka kafin ka kama hanyar Kaduna.