Yadda ake soya kayan miya na wata guda ba tare da sun yi tsami ba

Matar da za ta fita aiki ƙarfe bakwai na safe, ga yara da za a zuba wa abincin makaranta, ga maigida na jiran karin kumallo, ba ta da lokacin wanke tumatir da aika markaɗe da tsayuwa gaban tukunya tana jiran ruwa ya tsotse. Shinkafa da taliya ba sa cin lokaci, kayan miya ke cinye shi. Shi ya sa mata da yawa suka koma soya kayan miya da yawa rana guda su adana. Dabara ce mai kyau, sai dai na ga amare da ƙannena da dama sun gwada, bayan mako ɗaya a buɗe roba a tarar da tsami ko fumfuna, a zubar da kayan da aka kashe kuɗi da gas a kansu, daga nan su ce abin ba ya yiwuwa. Yana yiwuwa. Kusan duk waɗanda na gani wuri ɗaya suka yi kuskure, a kansa kuma zan fi tsayawa.

Sayen kaya

Ki yi wannan aiki lokacin da tumatir ya yi araha, wato daga tsakiyar sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da na noman rani ke fitowa daga wurare irin su Kadawa da Kura a Kano da Ɗanja a Katsina. Da damina ta kankama kuɗinsa ke tashi, kuma wanda ake samu duk ruwa ne. In kina Kano, ki yi sammakon 'Yankaba ki sayi kwando ko rabi. In ya yi miki yawa ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba, ya fi sayen kashi-kashi a bakin titi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ki nemi dogon tumatir mai tauri da tsoka, wanda 'yan kasuwa ke ce wa UTC. Zagayayyen nan mai laushi ruwa da 'ya'ya ne suka cika shi, za ki ƙona gas a banza kafin ya kama jikinsa. Kada arahar fasasshen tumatir ta ja ki. Na miyar yau ma ban yarda da shi ba, balle abin da za a ajiye wata guda. Duk wanda ya fashe, ko ya yi baƙin tabo, ko ya fara wari, ki fitar da shi gaba ɗaya. Yanke wurin da ya lalace ba ya wadatarwa, domin ruɓar ta riga ta shiga ciki.

Awon da nake bi: kwano huɗu na tumatir, kwano biyu na tattasai, kwano ɗaya na albasa. Tattasai ke ba miya ja da kauri, shi ne kuma ke danne tsamin tumatir, don haka kada ki yi masa rowa. In ya yi tsada ki cike da shambo. Attaruhu kuwa daban nake jajjaga shi in soya a ƙaramar tukunya. Gidan da ke da yara bai kamata a haɗa musu yaji a cikin babban markaɗe ba, domin in ya yi yawa babu yadda za a cire shi, wata guda kenan yara na kuka a kan abinci.

Markaɗe

Ki cire hancin tumatir, ki fasa tattasai ki fitar da 'ya'yan, su ne ke kawo ɗaci. Bayan wanki ki zuba su a kwando su tsane sosai. In a gida za ki markaɗa, ki fara sa tumatir a ƙasan blanda, ruwan jikinsa ya isa ya juya sauran, kada ki ƙara ko kofi ɗaya. In inji za ki kai, ki je da kanki ko ki aiki babba, ki ce wa mai injin ya ɗauraye shi tukuna, kuma ya rage hannu wajen zuba ruwa. Sun saba sheƙa ruwa don aiki ya yi sauri, ke kuma a gida za ki biya da gas ɗinki. Sau da yawa kuma markaɗen wake ko gero aka gama kafin naki, ragowar ƙullun nan da ya kwana a inji ita ce farkon tsami.

Albasa ba na markaɗa ta da sauran. Yankawa nake yi siriri in soya a mai, ta fi ƙamshi haka.

Da an dawo da markaɗe a ɗora shi. Ɗanyen markaɗe ba ya jira, musamman a zafin Maris da Afrilu. Wadda ta ajiye shi da hantsi ta ce sai ta dawo daga unguwa, za ta tarar ya fara kumfa, kuma babu wutar da za ta gyara shi.

Tsotse ruwa

Nan ne maganar take. Tumatir fiye da kashi 90 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne, kuma ruwan nan shi ke lalata abin da aka adana. Abin da sababbin hannu ke yi shi ne su ɗora mai, su juye ɗanyen markaɗe a kai, su ga ya tafasa ya yi ja, mai ya ɗan leƙo a gefe, su ce ya soyu. Bai soyu ba, dafuwa ya yi a cikin ruwansa, man yana yawo a sama. Matuƙar akwai ruwa da yawa a tukunya zafinta ba zai wuce na tafasar ruwa ba, suya kuwa tana son zafin da ya fi haka. Saboda haka aiki biyu ne daban: a fara ƙafar da ruwa babu mai ko ɗigo, sannan a soya.

Ki samu tukunya mafi faɗin baki da kike da ita. Faɗi ake so, zurfi ba ya taimako, domin ta sama tururi ke fita. In markaɗen ya yi yawa ki raba tukunya biyu. Kada ki rufe. Na san yana fantsama yana ɓata murhu da bango, na san kuma dalilin rufewar kenan, amma murfi yana tara tururi ya mai da shi ruwa ya koma ciki, sai ki yi awa uku kina wuri ɗaya. In fantsamar ta dame ki, ki kifa gwagwa ko rariyar ƙarfe a kai. Wannan mataki a kan gawayi ko itace nake yinsa a tsakar gida, gas ɗina ba ya zuwa nan. Rabin kwando zai iya cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, gwargwadon ƙarfin wuta da faɗin tukunya.

Da farko wuta mai ƙarfi, ba sai kin tsaya a kai ba, ki je ki yi wanke-wanke. Kumfa mai haske za ta taso, ta kwanta da kanta. Can za ki ga ya ragu ya bar zobe a jikin tukunya, tafasar ta sauya, ta daina ɓararraka ta koma fitowa ɗaiɗai, tana huda rami tana tofo markaɗe sama. Daga nan ki rage wuta, ki ja kujera ki zauna, domin yanzu ne yake kamawa a ƙasa. Ki riƙa juyawa da cokalin katako kina kankaro gindin tukunya. In ya kama har ya yi ƙauri, kada ki kankare, ki juye na saman a wata tukunya ki ci gaba.

Ga yadda za ki gane ya yi. Ki ja cokali a tsakiyar tukunya. In hanyar da cokalin ya bi ta tsaya har kika ga ƙasan tukunya, ruwa bai biyo ya rufe ta ba, to ya yi. Ko ki ɗiba kaɗan ki sa a faranti ki karkata shi: in wani siririn ruwa ya zame daga gefe ya gangara, da saura. Ya kamata abin da kika fara da shi ya koma kashi ɗaya cikin uku, ko ƙasa da haka, ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. Mata da yawa a nan zuciyarsu ke karaya, su ga tukunya cike ta koma 'yar kaɗan, su ji kamar asara suke yi, sai su sauke da wuri. Babu abin da ya tafi sai ruwa, kuma ranar girki za ki mayar da shi daga famfo kyauta.

Akwai masu gajarce hanya: in ya tafasa sai su juye a ƙyallen tatar koko ruwan ya ɗige. Yana rage cin wuta ƙwarai, ban hana ba in kina sauri. Amma ruwan nan da ke ɗiga akwai ɗanɗano a cikinsa, kada ki zubar, ki dafa shinkafar ranar da shi.

Sai maganar kanwa. An saba jefa 'yar kanwa ko bekin foda don kashe tsamin tumatir, kuma a miyar da za a ci yau babu laifi. A wadda za a adana, kada ki sa. Ɗan tsamin da tumatir ke da shi na halitta yana cikin abin da ke hana ƙwayoyin cuta sakewa, kanwa kuwa kashe shi take yi, sai abin ya fi saurin lalacewa, ga shi tana dusashe jan miya. In ruwa ya ƙafe da kyau aka kuma soya sosai, ba a cika jin tsamin sosai a baki ba. In ya rage, ranar girki kya gyara.

Suya

Yanzu ki ɗora mai a busasshiyar tukunya. Man gyaɗa nake sawa, domin yana shiga kowane girki. Manja ki bari sai ranar da za ki yi abin da ke son sa, kamar faten wake ko faten doya. Mai ya zama da ɗan yawa, wanda zai iya lulluɓe kayan in sun kwanta, ba asara ba ne, da shi za ki yi girkin gaba. Ki soya albasa har ta yi laushi ta fara sauya launi, ki juye markaɗen, wuta matsakaiciya, hannu ba ya barin cokali. Minti 20 zuwa 30 ya isa. Za ki ga jan ya ƙara duhu, kayan sun daina zama dunƙule ɗaya sun fara warwatsewa ƙanana-ƙanana a cikin mai, man kuma ya taso sama garau. Gishiri kaɗan kawai za ki sa. Ban da magi, ban da kori, ban da daddawa, ban da tafarnuwa. Wannan tushe ne, gobe zai zama miyar dage-dage, jibi dafa-duka, gata miyar taushe ko ta alayyafo, kowacce da kayan ƙamshinta.

Adanawa

Kada ki rufe shi da zafi, gumin murfi zai ɗiga ciki ya dawo da ruwan da kika sha wahalar kora. Kada kuma ki bar shi ya kwana a tukunya, balle ta dalma, wadda tsamin tumatir ke ci har ɗanɗano ya sauya. Ki baza a faffaɗan tire ya huce da wuri, cikin awa biyu ya shiga sanyi.

Ki ƙulla shi daidai girki ɗaya-ɗaya. Babbar roba guda da za a riƙa fitarwa ana narkarwa ana ɗiba ana mayarwa ita ce hanya ta biyu da abin ke lalacewa. Ledoji masu kauri ko ƙananan robobi busassu, ludayi biyu ko uku a kowace gwargwadon yawan gidanki. In leda ce ki fitar da iska ki danne ta ta yi faɗi, ta fi saurin daskarewa da saurin narkewa. Na kwana uku zuwa huɗu ki bar shi a firij da mai a samansa, cokalin ɗiba kuma ya zama busasshe. Sauran duk firiza.

In an ɗauke wuta, a daina buɗe firiza. Wadda take cike tana iya riƙe sanyi wajen awa 48 in ba a buɗe ba, mai rabin kaya wajen awa 24, a zafin bazara kuma kada ki jira ta kai haka. Ki cike gurbin da ya rage da gorunan ruwa su daskare, ki kuma sa kayan miyar can ƙasa. Wanda ya narke amma yana da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya mayarwa. Wanda ya saki gaba ɗaya ya rasa sanyi, ko ya kumbura leda, ko ya yi kumfa, a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi. In unguwarku wuta ba ta zama, ki soya na kwana biyu ko uku kawai kina ɗumamawa safe da dare har ya tafasa, sauran tumatir da tattasan ki yanka ki shanya su zama kauɗa tun iskar hunturu na nan. Soyayyen kayan miya dai kada ki ɗura a kwalba ki ajiye a kabad kina cewa mai zai tsare shi.

Ranar girki, tun dare ki sauko da ƙulli ɗaya zuwa firij. In kin manta, ki jefa ledar a ruwa minti kaɗan ta saki. Dafa-dukar taliya: ƙulli ɗaya a tukunya, ruwa, magi, kayan ƙamshi, busasshen kifi, in ya tafasa a zuba taliya, kafin ki gama yi wa yara wanka ta nuna. Miyar ƙwai ta cin doya ko dankali minti biyar ce. In kin dafa nama ran Asabar kin ƙulla shi da romonsa daban, miyar shinkafa ba za ta wuce minti 15 ba. Ko yaushe dai ki bari ya tafasa sosai kafin a ci, kuma ki rubuta kwanan wata a jikin leda ki fara cin na farko.