Yadda Nake Sauya Salon CBT Gwargwadon Ciwon Da Ke Gabana

Tsarin CBT, wato jinyar matsalolin tunani ta hanyar tattaunawa don gyara tunani da ɗabi'a, da likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya ɓullo da shi a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a shekarun 1960 tushensa ɗaya ne: abin da mutum ke faɗa wa kansa, da abin da yake ji, da abin da yake aikatawa, suna jan juna. Amma inda za ka fara ya danganta da wanda ya zauna a gabanka. Wannan nake fara nuna wa ƙannenmu masu shigowa aikin a nan Jos.

Mai ciwon damuwa da wuya ya ce maka baƙin ciki yake. Zai ce kansa na zafi, jiki ba ƙarfi, barci ya ƙaura. Auna shi da tambayoyi 9 na PHQ-9 (takardar auna tsananin damuwa), ka kuma tambaye shi ƙiri-ƙiri ko yana tunanin kashe kansa. In ya ce e, a ranar zai ga likitan ƙwaƙwalwa. In babu wannan, ku fara da motsa jiki, ba da tonon tunani ba. Ni da lokutan salla nake tsara masa yini: bayan asuba wanka (a sanyin Disamba na Jos wannan ma nasara ce), bayan la'asar ya taka zuwa majalisa. Kada ya jira sha'awa, aikin ne ke jawo ta. Sai ya fara motsi ake taɓa maganar "ba ni da amfani". Mece ce hujjarka, Malam? Da amininka ne ya faɗi haka, me za ka ce masa? Zama 12 zuwa 20 yakan wadatar.

Fargaba kuwa gudun abin da ake tsoro ne ke ciyar da ita. Ɗauki wanda tun fashewar bam na kasuwar Terminus ta Jos a Mayun 2014 bai sake taka kasuwa ba. Ku jera matakai, ya ba kowanne makin tsoro daga 0 zuwa 10. Ya fara wucewa a keke ba tare da ya sauka ba. Sai ya tsaya bakin titi. Sai ya shiga ya yi cinikin tumatir, ya tsaya har bugun zuciyar ya lafa da kansa. Daga baya a janye ƙanen da ke raka shi, in ba haka ba zai ce rakiyar ce ta tsare shi. Kuma ka rage ce masa "babu abin da zai faru", lallashi ne na minti biyar. In akwai mugun mafarki da ganin abin yana dawowa, to aikin sai ya fuskanci abin da ya faru ɗin kansa.

Masu matsalar ɗabi'a mai tushe sai haƙuri, shekara ko fiye. Masaniyar halayyar ɗan Adam Marsha Linehan ta tsara DBT, wani reshen CBT, don masu ji wa kansu rauni, takwaranta Jeffrey Young kuma ya mai da hankali kan imanin da ya kafu tun yarinta, irin su "kowa zai guje ni". A ce mace ce a gabanka, ku yanke ƙa'ida tun ranar farko: lokacin zama, da sa'ar da za ta iya kiran waya. Ranar da ta fusata don ka makara, kada ka kare kanka. Ku zauna ku duba abin da ya faɗo mata a rai.

Aikin gida kuma ba dole sai da takarda ba. Wanda ba ya rubutun boko ya yi da ajami, ko ya naɗi muryarsa a waya, ku saurara tare a zama na gaba.