Kurakuran Sutura da Ke Sa a Tare Mutum a Bakin Filin Golf

Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Dutse sun san filin golf ɗin da marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, ya kafa. Sarkin, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a 2023, mai ƙaunar wannan wasa na buga ƙaramar ƙwallo da sanda zuwa rami ne ƙwarai, kuma ta dalilinsa wasan da ake ganin na manyan birni ne ya matso kusa da mu. A Kano ma akwai tsohon kulob tun zamanin Turawa. Yanzu ba abin mamaki ba ne ka ji saurayi daga Kiyawa, ko Gaya, ko Wudil yana shirin zuwa neman aikin ɗaukar jakar sandunan 'yan wasa, ko koyon wasan, ko raka maigidansa gasa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yaro ya biya kuɗin mota da gumin goshinsa, ya iso da zumuɗi, a tare shi a ƙofa a kan riga. Wani ba ya sake komawa, ya tafi da tunanin talaucinsa aka raina. Alhali shigar da ake nema ba ta kai tsadar ɗinkin Sallah ba. Ba a gaya masa ba ne kawai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuwa da jesi. Yaro ya ji an ce wasa, sai ya ɗauko jesin Arsenal ko na Kano Pillars. Kulob-kulob na golf kusan ko'ina a duniya riga mai kwala suke nema, irin mai maɓalli biyu ko uku a ƙirji, mai gajeren hannu. Jesi, da singileti, da riga mai zagayayyen wuya ko mai ɓaro-ɓaron rubutu a gaba, duk ba su shiga. Wani zai ce ai ya ga shahararren ɗan wasan golf Tiger Woods a talabijin da jar riga marar kwala. Gaskiya ne, ya sa mai ɗan tsayayyen wuya, kuma wasu wurare suna karɓar irinta. Amma baƙon da ya zo ranar farko ba shi da dalilin gwada sa'a.

Gyaran mai sauƙi ne. Masu gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai suna da irin rigunan nan jibge, ana samu kuma a kasuwannin ƙauye ranar da suke ci. In ka ɗaga riga, kwalar za ka fara dubawa: wadda ta nannaɗe ta saki, ko guga ba ya tayar da ita. Sai ka duba tsawo, domin riga ce da za a yi zanzaro da ita. Ɗaga hannuwanka biyu sama a gaban mai kayan. In ta fice daga wando, gajera ce, ajiye ta.

Akwai kuma masu yin kuskuren ta ɗaya ɓangaren, kuma su na fi tausaya wa, domin girmamawa ce ta kai su. An gayyaci dattijo ko ɗan kasuwa, ya ji wurin manya ne, sai ya sha shadda mai sitati, wani har da babbar riga. A ko'ina cikin ƙasar Hausa wannan ita ce shigar mutunci, ba mai musu. Matsalar tana wajen bugu. Mai buga golf yakan sunkuya kaɗan, ya kai sanda bayan kafaɗa, ya dawo da ita da ƙarfi jikinsa na murɗawa. Gaban kaftani zai sauko daidai inda hannuwa za su wuce, faɗin hannun riga ya kama sanda, ga sitati na hana kafaɗa sakewa. Kada dai a bar kaftanin a gida. A ninke shi a jaka. In gasa ce, ana yawan rufewa da walima da raba kyaututtuka, kuma a nan Arewa kaftani da hula sun dace da wannan zama, sai fa in takardar gayyata ta faɗi wata shiga dabam.

Wando kuwa, jins ne ke kayar da mutane. Komai tsadarsa, yawancin kulob ba sa yarda da shi a fili. Haka wandon motsa jiki mai roba a ƙugu, da mai manyan aljihuna a cinya. Wandon yadi ake so, kaki ko baƙi ko ruwan toka, mai gidan bel. Telan ƙauyenku da ke ɗinka wandon 'yan makaranta zai iya, ka dai ce ya sake maka cinya kaɗan, kada kuma ƙafar ta ja ƙasa, domin raɓar safe za ta jiƙa ta, ƙarangiya ta manne. Sannan ka yi zanzaro ka ɗaura bel. Na san samarinmu da yawa suna jin nauyin zanzaro, suna ganin shigar ɗan sanda ce ko ta ɗan firamare. A can kowa haka yake, wanda ya saki riga shi ake kallo.

Wasu kulob suna barin gajeren wando na yadi da ya kai gwiwa. Shawarata ka bar shi. Zagayen ramuka 18, wato cikakken wasa guda, yana cin kamar awa huɗu, da wuya Azahar ko La'asar ba ta riske ka a wurin ba, kuma wandon da ke bakin gwiwa kana tsaye, in ka yi ruku'u ya haye. Dogon wando ya raba gardama, ya kuma kare ka daga ƙaya in ƙwallo ta faɗa jeji. Ko ƙwararrun gasar PGA ta Amurka ba sa sa gajeren wando ranar gasa. A 2019 ne aka yarje musu a ranakun atisaye.

Takalmi ne wurin da ba a sassauci, kuma da dalili. Wurin da ke kewaye da rami, inda ake gangara ƙwallo a hankali, shi ne mafi tsada a filin gaba ɗaya. Inda ciyawa ce, kullum ana ba ta ruwa ana aske ta ƙasa-ƙasa. Inda yashi ne, sai an share an daidaita. Wanda ya taka wurin da takalmin ƙwallon ƙafa mai haƙora ya yi abin da akuya ke yi wa fangalin albasa. Sau-ciki mai tauri a dunduniya ma yana barin gurbi, kuma ɗan gurbi kaɗan ya isa ya karkatar da ƙwallon wanda ke bayanka. Takalmin golf na da yana da ƙusoshin ƙarfe, amma tun shekarun 1990 kulob da yawa suka hana su, aka koma na roba masu laushi. Don haka in ka ci karo da mai ƙarfe a gwanjo, kada arha ta ruɗe ka. Silifas da sandal ba a ma maganarsu. Mai farawa, kambas mai tsabta mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya wadatar a wurare da dama, tare da safa. Kada kuma ranar ce za ka fara sa shi. Tafiyar kilomitoci ce, sabon takalmi zai sale maka dunduniya tun ba a kai rami na tara ba.

Hular hana-sallah bakinta gaba yake kallo. Da yawa sukan juya ta baya don sujada, a idar da sallah su manta, su koma fili a haka. In za ka shiga zauren kulob kuma, cire ta ka riƙe a hannu.

'Yan'uwa mata, kada wata ta ɗauka sai ta sa ɗan guntun siket irin na talabijin. Doka ba ta tilasta shi ba. Riga mai kwala mai dogon hannu, da sakakken wandon yadi, da ƙaramin hijabi da ake cusa bakinsa cikin riga, sun cika sharaɗi a mafi yawan wurare. Dogon hijabi har gwiwa da mayafi mai zamewa su ne ke harɗe sanda, zani kuma yana hana buɗe ƙafa. In kina son rigar ta sauko ta rufe ƙugu, ki tambaya tun kafin ranar. Dokar zanzaro ta fi tsanani a kan maza.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, baƙar riga azaba ce; nemi fara ko mai haske, marar nauyi. Da hunturu ana fara wasa cikin sanyin safe, sai mutum ya zo da jibgegiyar rigar sanyi da ba ya iya ɗaga hannu a ciki. Siririyar suwaita a kan mai kwala ta fi, rana na ɗagawa ka tuɓe. Mai haɗe da hula kuwa har yanzu ana jayayya a kanta: da ƙwararren ɗan wasa Tyrrell Hatton ya ci gasa a Wentworth ta Ingila a 2020 sanye da ita, sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce, kuma wasu kulob ba su karɓe ta ba har yau.

Mai neman aikin ɗaukar jaka, kada ka ce ai ni ba wasa zan yi ba. Ciyawar da ɗan wasa zai taka ita za ka taka, kuma shigarka ce farkon abin da mai ba da aikin zai gani. Wasu wurare suna ba masu ɗaukar jaka rigar aiki ta ɗorawa a sama, amma wando da takalmi naka ne. Kowane kulob da tsarinsa, matambayi kuma ba ya ɓata. Kafin ka hau mota, kira wanda ya gayyace ka ko wani da ke aiki a can, ka ce: "Yallaɓai, ga rigar da nake da ita, ga wandon, ga takalmin, za su shiga?" In da hali ka ɗauki hotonsu ka tura masa ta WhatsApp tun ana saura kwana biyu, yadda in akwai gyara tela zai samu lokaci.