Kurakuran da Masu Neman Kaset ɗin Contra Suke Ta Maimaitawa

Na gaji da ganin sababbin masu tara tsofaffin wasannin bidiyo suna zuba kuɗi a kan kaset ɗin Contra ba tare da sun buɗe shi ba. Kamfanin Konami na Japan ne ya fitar da wasan a 1987 a gidajen wasa, sannan ya kai shi na'urorin wasan gida na kamfanin Nintendo, wato Famicom ta Japan da NES ta Amurka, a 1988, kuma farin jinin da ya yi shi ne ya sa masu yin jabu suka yi masa rubdugu.

Ni kaina na sha wannan ɗacin. Wani ɗan kasuwa ya miƙo mini kaset mai takarda sabuwa fil, ga hoton jaruman wasan, Bill da Lance, riƙe da bindigogi, na biya farashin na asali ina murna. Da na kwance shi a gida, sai na tarar da ɗan ƙaramin allon lantarki da wani baƙin ɗigo kamar kwalta a tsakiya, irin wanda ake gani a cikin kaset masu cewa suna ɗauke da wasanni 9999, waɗanda muka taso da su a gidajenmu. Na NES na asali allonsa na ɗauke da sunan Nintendo da manyan guntayen lantarki (chips) masu ƙafafu a jere. Takarda kowa na iya bugawa, kuma kyawunta fiye da kima a kan kayan da ya haura shekara talatin ma abin tuhuma ne. Tun daga ranar ba na zuwa ciniki sai da sukurudireba mai bakin milimita 3.8 a aljihu, kuma duk wanda ya hana ni buɗewa, na bar masa kayansa.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne raina bugun Japan don kawai rubutunsa ba ya karantuwa. Wannan rashin sani ne tsantsa. Konami ta sanya guntunta mai suna VRC2 a kaset ɗin Famicom, shi ya sa bishiyoyi ke kaɗawa, ga taswira da hotunan labari tsakanin matakai, abubuwan da babu su a bugun Amurka. Sai dai a tuna haƙoran ƙarfen da ke bakin kaset ɗin Famicom 60 ne, na NES kuwa 72, don haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya sai da mahaɗi.

Wasu kuma suna ganin Probotector su ɗauka kwaikwayo ne, alhali shi ne Contra na Turai na 1990, inda aka maye sojojin da mutum-mutumi saboda tsaurin dokokin Jamus kan nuna tashin hankali a wasanni.

A daina hura kaset da baki, domin danshin numfashi na cin ƙarfen. Auduga da ɗan sifirit sun isa. Kada a jefar da kwali da ɗan littafin, domin su ke ɗaga daraja. Kuma kada a amince da kaset don kawai lambar sirrin nan ta sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A ta ba da rayuka 30, domin jabun da na saya ma ya ba ni su cif.