Ga ƴan garkar Maraɗi masu sauka bakin teku: ku auna rijiya kafin ku biya haya

Da an yanke hatsi an ɗaure damma, hirar fada a Maraɗi takan koma ta tafiya. Wannan ya nufi Agadas, wancan Kano, wasu kuma Kurmi: Kwatano, Lome, har Ankara ta Gana. Da na ƙarshen nake, musamman ku ƙannena na Jiratawa, Safo, Sumarana da Tibiri da kuka tashi da aikin garka a hannu. In kun sauka za ku ga fangalan salati da karoti sun yi shar a kan farin rairayi, teku na ruri a gefe, mata ƴan sari suna cinikin fangali sukutum tun ganyen bai gama girma ba. Duk ɗan garkar da ya ga haka sai ransa ya biya. Ba laifi, akwai samu a ciki. Amma akwai abu guda da muka koya a gulbi wanda in kun kai shi can zai cinye muku jari.

A gida in rijiya ta ja baya, ƙara mata zurfi ake yi. Tun da aka datse ruwa a Jibiya gulbin Maraɗi ya rage kawowa kamar da, kowa ya koyi cewa mai dogon tiyo da babban inji shi ke da ruwa. A bakin teku kuwa, duk wanda ya ƙara zurfi gishiri yake nufa.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, don haka ya ɗan fi ruwan daɗi nauyi. Tekun kuma ba a gaɓa ya tsaya ba, ya kutsa ta ƙarƙashin rairayi ya kwanta a ƙasan garkarku. Ruwan saman da ya nutse shi ke zama a bisansa, kamar man gyaɗa a kan romo. Wannan na saman shi ne duk dukiyar ɗan garka. Masu ilimin ruwan ƙasa suna da lissafi tun ƙarshen ƙarni na 19: in ruwan daɗi ya ɗara tsayin teku da mita 1, to akwai wajen mita 40 nasa a ƙasa kafin a kai ga gishiri. Ku juya lissafin ku ji tsoro. In injinku ya sauke ruwan rijiya da mita 1 kuma ya dawwama a haka, gishirin na iya tasowa mita 40, ya yi tsini daidai ƙarƙashin bakin tiyonku. A siririn rairayin da ke tsakanin teku da tafki, irin na Giran-Popo a Benin ko Keta a Gana, ruwan daɗin ma bai kai wannan kaurin ba, kuma gishiri ta fuska biyu yake matsowa. Ba sai ya zo da yawa ba: ruwan teku kashi 2 cikin 100 ya isa ya ɓata ruwan sha.

Shi ya sa za ku ga ƴan ƙasa da rijiyoyi gajeru barjat, wata ko igiya ba ta buƙata, mutum ya gangara da butocin ban ruwa biyu ya cika ya hau. Baƙon da ya zo daga gulbi sai ya raina su, ya ce rashin jari ne ko lalaci. Iyayensu sun ƙona hannu ne suka koya. Na ga wani yaro daga wajen Madarumfa, mai ƙwazo ƙwarai, ya haɗa kuɗin shekara ya sayi injin da ya fi na kowa a layin, ya sa aka ƙara wa rijiyarsa zurfi. Da fari kowa na sha'awarsa, kafin maƙwabta su gama rabin ban ruwa shi ya shimfiɗa tabarma yana dafa shayi. Da rani ya tsananta, salatinsa ya fara ƙonewa daga baki-baki, gefen ganye ya yi ruwan ƙasa ya ƙanƙance, tsakar rana shuka ta yi yaushi alhali ƙasa jiƙe take. Da ƙasar ta sha iska sai ka ga fari-fari a kan kunya, ka shafa da yatsa ka lasa ka ji. Shi kuwa ganin yaushi ya sa ya ƙara ruwa, wato ya ƙara gishiri. Abin bai tsaya kansa ba, rijiyoyi biyu na kusa da shi su ma suka yi zartsi, kuma masu su ƴan ƙasa ne. Ku ƙiyasta irin kallon da aka riƙa yi wa duk mai jin Hausa a wurin bayan nan.

To, ga abin da nake so ku yi. Kakar farko kada ku kama fili. Ku shiga ƙodago wurin wanda ya daɗe, ɗan ƙasa ne ko namu, ku ɗauki buta ku ga yadda shekara ke juyawa. Da ɗan gari akan ci gari. Damina biyu gare su: babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar Satumba zuwa Nuwamba. Babban rani daga Disamba zuwa Maris. Mu kuma yawanci Nuwamba ko Disamba muke sauka, daidai lokacin da kowace rijiya ta ƙoshi da ruwan sama tana da daɗi. Mai fili zai ɗebo ya miƙa muku ku kurɓa, kuma ba ƙarya ya yi ba, ranar nan ruwan garau yake. Halin rijiya a Fabrairu da Maris ake saninsa. In ba za ku iya jira ba, ku tambayi maƙwabtan filin, ba mai filin ba, ku tambayi matan da ke sari a wurin me ake shukawa a nan cikin azabar rani. In fili mai kyau yana zaune ba kowa a tsakiyar garake, kuma hayarsa ta yi sauƙi, akwai dalili. Araha ba ta ado.

Kada kuma ku ɗauka ko'ina a Kurmi ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Kwatano na samun kamar milimita 1,300 a shekara, amma da an yi yamma abin raguwa yake: Lome da Ankara 800 ne zuwa 900 ko ƙasa da haka, Maraɗi kuwa wajen 500. Inda ruwan sama ya yi ƙaranci, na ƙasa ma siriri ne.

Harshe yana gano zartsi, amma a makare. Kafin ku ji shi a baki, albasa ta daɗe da ji. Akwai ƴar na'urar awo ta aljihu da ake tsomawa a kofi, ana samunta wurin masu sayar da kayan noma da masu kiwon kifi; in ta yi wa mutum ɗaya tsada, ku haɗa ku huɗu ku saya. Ma'aunin da hukumar abinci ta duniya FAO ta fitar shi ne: in lambar ba ta kai 700 ba a awon da ake rubutawa µS/cm, ruwan ba shi da matsala, daga 700 zuwa 3,000 sai da dabara, abin da ya haura 3,000 ku bar shi. In na'urarku ppm take nunawa, iyakokin su ne 450 da 2,000. Ku auna da safe kafin a tada inji, ku sake aunawa bayan an kashe. In ta biyun ta fi ta farko sosai, kuna jan ruwa fiye da ƙarfin rijiyar. Ku rubuta a littafi duk Juma'a. Lambar da ke hawa mako bayan mako ta fi lambar rana ɗaya ba da labari. Rijiyar da ke dab da gaɓa kuma tana bin tashin teku da saukarsa, tashin ya fi ƙarfi a farkon wata da daren sha huɗu, don haka ku lura da waɗannan kwanaki.

Sai maganar abin shuka, kuma a nan ne zuciyar ɗan Nijar ke ba shi wahala. Kowa so yake ya nuna musu albasa, mu da muke da Galmi. Amma albasa na cikin ragwayen shuka a gaban gishiri: daga 800 a awon µS/cm take fara rage kai, in ruwa ya kusa 3,000 rabin amfanin ya tafi. Karoti da waken Turawa daga 700, salati 900, tattasai 1,000, shu (kabeji) 1,200. Tumatir da kokwamba suna jurewa har 1,700, beterab har 2,700. Saboda haka ruwa ke zaɓar iri, ba kasuwa kaɗai ba. Ƴan can suna yawaita ganyen miyarsu, alayyafo, lalo da wani ganyen gauta da suke kira gboma. Suna saurin isa yanka, kuma kullum akwai mai saye. Masu sauyawa da lokaci sun fi cin riba: karoti da salati bayan ruwa ya wanke ƙasa, masu haƙuri kuma a ƙarshen rani. Ko wane iri ne, yana ƙarami ya fi rauni. In kuna da ruwa mai kyau kaɗan, ko na sama da kuka tara a tano, ku ba wa reno.

Ku yi wannan lissafin da kanku. Ruwa mai giram 1 a lita, wanda mutum zai sha bai yamutsa fuska ba, in kuna zuba lita 10 a kowane murabba'in mita kullum, cikin kwana 100 kun zuba wa wurin kilo guda na gishiri. Rana ta kwashe ruwan, gishirin ya zauna. Sa'ar da aka yi, rairayi na saurin wankuwa. Lokaci-lokaci a yi ban ruwa mai nauyi don ya tura gishirin ƙasa da saiwa, maimakon yayyafi kullum da ke tara shi a sama. A rufe fangali da busasshiyar ciyawa ko ganyen kwakwa don rage ƙafewa. Ban ruwa da sassafe ko yamma, a gindi; ruwan zartsi a kan ganye da tsakar rana ƙuna ne. In kun yi kunya, ku dasa a gefenta, don a ƙololuwa gishiri ke taruwa. Kashin kaji shi ne takin wurin, yana da kyau, amma ɗanyensa na da nasa gishirin, a bar shi ya ruɓe. Takin zamani ma kaɗan-kaɗan. Wani zai zo muku da buhun farin gari ya ce maganin gishiri ne. Akwai wanda ke gyara laka mai kanwa, amma ba abin da ke fitar da gishiri daga rairayi sai ruwa mai kyau da hanyar wucewarsa.

Inji kuwa, ƙarami ya fi. Rijiyoyi gajeru biyu ko uku nesa da juna, a ja kaɗan a nan a koma can, sun fi guda mai zurfi. Ku kwaikwayi masu tara ruwa a kwalbati su riƙa ɗiba da buta, rijiya na hutawa.

Wani abin ya fi ƙarfin ɗan garka, gara ku san shi don kada ku zuba jari inda ƙasa ke tafiya. Tun da aka gina tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome a shekarun 1960, teku ke cin gaɓar da ke gabas da su, don rairayin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma yana maƙalewa. Madatsar Akosombo ta 1965 ta rage rairayin da kogin Bolta ke kaiwa, Keta ta rasa unguwanni. Kwatano kanta, rijiyoyin Godome da ke shayar da birnin suna fuskantar zartsi daga tafkin Nokuwe. A Senegal, cikin Oktoban 2003 aka yanka wata ƴar hanya mai faɗin mita 4 a rairayin San-Luwi don ambaliya ta fita. Teku ya buɗe ta ta kai kilomitoci, garaken Ganjol da aka sani da albasa suka yi gishiri, wani ƙauye ma ya tashi ɗungurungum. Masu zuwa gidajen gona a Libiya su ma za su tarar da wannan ciwo a kewayen Tarabulus, inda aka daɗe ana jan ruwa fiye da abin da sama ke mayarwa.

Don haka haya ta kaka-kaka, kada ku biya ta shekaru a dunƙule ko an rage muku. Filayen gefen birni ana sayar da su ga masu gini ba sallama. A rubuta takarda, da shaidu, da sanin mai unguwar wurin, ku kuma je da wani dattijo daga zango wanda ke jin yaren wurin, Fon ko Mina. A faɗi a fili wa ke da rijiya da tiyo ranar rabuwa, kuma in ruwa ya ɓaci a tsakiyar kaka me za a yi da sauran kuɗin. Ku isa zango ku gaida manya tun ranar farko, kada sai rigima ta taso. Katin rigakafin shawara da katin ofishin jakadanci su zauna a aljihu cikin leda. Hanyar Gaya zuwa Malanbil ta rikice tun bayan Yulin 2023, ku tambayi direbobi a tasha kafin ku yanki tikiti.

Ruwan garka ba na sha ba ne, ko da bai yi zartsi ba. Rijiyar da ba ta wuce tsayin mutum biyu ba, a rairayi, kusa da masai da tulin kashin kaji, ita ke kawo zawo da kwalara. Mutanen Tibiri, inda ruwa mai yawan sinadarin fulorayid ya nakasa yara, ba sai an gaya musu cewa ruwa garau na iya cutarwa ba. Ku sayi na famfo, ko ku tafasa. Tafasawa na kashe ƙwayar cuta amma ba ta cire gishiri. Alwala kam ba matsala, malamai sun ce ruwan teku ma mai tsarki ne.

In kuma duk da haka lambar ta haura ta ƙi saukowa, ku kashe inji. Rijiyar da gishiri ya hau ba ta warkewa cikin mako, wata sai damina ta zagayo, wata shekaru. Kada ku ci bashin matan sari don ku sake haƙa wata a gefenta, kada ku taɓa kuɗin da kuka ware na gida. Ku lallaɓa abin da ya kusa yanka da buta, ku sayar, ku koma ƙodago zuwa saukar ruwa, sannan ku nemi fili can ciki, nesa da teku da tafki duka.